Kawu Ba Ya Yanke Ƙafa

Na Allah ne mu, wurinSa kuma za mu koma, sai dai wani ya riga wani. Kawu ya riga mu ranar wata Laraba da hantsi, a gidansa na Ikara. Ya sha kokonsa, ya ce a shimfiɗa masa tabarma a inuwar darbejiya zai ɗan kishingiɗa, shi ke nan. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa.

Zaman makokin ya cika fiye da yadda na zata. Danginmu na Kudan sun zo, mutanen Makarfi sun zo, har da waɗanda ban taɓa ganin fuskarsu ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda tsofaffi suka riƙa sa hannu a aljihu bayan an shafa fatiha, suna zaro hotuna. Wani dattijo ya miƙo mini nasa, yana saurayi, ya dafa keken da na tabbata ba nasa ba ne. Ya ce, "Marigayi ne ya ɗauke ni, makon da aka ba mu 'yanci. Dubi, har yatsun ƙafata." Daga cikin gida wata tsohuwa ta aiko da hoton ɗanta da ya rasu tun yana ƙarami, ta ce a nuna wa maza, su san ba don marigayi ba da tuni kamannin yaron sun ɓace mata.

Wani jikan Kawu da ke aiki a Kaduna ya ce a ba shi hoton Kawun, zai sa a buga da sanarwar rasuwa. Aka buɗe akwatuna, aka zazzage adakar matarsa, aka duba bayan madubi. Hotunan jama'a fal, nasa ko ɗaya babu. Matar tasa, wadda muke kira Iya, ta share ido ta ce, "Wa zai ɗauke shi? Shi da kullum kansa na cikin ƙyalle."

Ana cikin haka wani mutum daga gefen rumfa ya gama addu'arsa, ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "Allah Ya yafe masa hoton Paki." Mutum biyu uku suka ce amin. Na ji su sarai. Na sunkuyar da kai ina wasa da carbi, domin duk rumfar ni kaɗai na san ba Kawu ne ke bukatar wannan yafiyar ba. Saboda wannan amin ɗin nake rubutun nan.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Gidansu a Kudan gidan malamai ne tun kakanni, zaurensu ba ya rabo da ƙamshin tawada. An tura shi Zariya ya ƙaro ilimi, ya dawo bayan 'yan shekaru da karatunsa daidai gwargwado, da kuma wani akwati mai ƙafa uku da ya koyi aiki da shi wajen wani Bayarabe a Sabon Gari. Wansa, wanda muke kira Kawu Malam, ya tare shi tun a zaure.

"Wannan fa?"

"Akwatin hoto ne, Yaya."

"A gidan nan? Muna hana mutane ƙera sura, kai za ka shigo mana da injinta?"

"Ba na ƙera komai, Yaya. Abin da Allah Ya riga Ya ƙera nake tsayarwa."

"To, je ka tsayar da shi a wani garin."

Haka Kawu ya koma Ikara. Shekaru suka yi ta wucewa, tsakaninsa da wansa sai gaisuwar Salla. Ranar da Allah Ya kira Kawu Malam aikin hajji, hukuma ta ce sai da hoto a fasfo. Ya zo Ikara da rawaninsa, ya zauna kan kujerar ƙanin nasa fuska a murtuke. Kawu ya leƙo daga cikin ƙyalle ya ce, "Yaya, a ɗan saki fuska mana." Shi kuwa ya ce, "Ɗauki abin da ka samu." Kawu ya wanke hoto biyu, ƙarami mai kai da kafaɗa, da babba tun daga rawani har takalmi. Ya miƙa ƙaramin ya ce na hukuma ne, ya miƙa babban ya ce na iyali ne. Kawu Malam ya karɓi duka biyun, kuma da ya rasu an sami babban a cikin gafakarsa.

Halin Kawu ke nan da duk ƙasar ta san shi da shi: ba ya yanke ƙafa. In ka tsaya gaban akwatinsa sai ya yi ta ce maka, "Ja baya. Ƙara ja. Kaɗan kuma," har sai ka shiga dukanka. In ka gaji ka ce ai fuska ake nema, sai ya ce, "Fuska kowa gyara ta yake in ya ga akwati. Ƙafa mantawa ake da ita, shi ya sa nake duba can." Ya ce daga ƙafa yake gane wanda ya sha tafiya, da wanda ya aro takalmi, da wanda ke shirin gudu. Yana bin kasuwanni a keke, Makarfi, Ikara, Kudan, Paki, da akwatin a baya da wani labule mai zanen gidan sama da jirgi. Kuma ba ya ɗaukar mutum sai ya san shi. Ɗan waye kai, daga wace unguwa, ina wane, ya damina. Ɗaukar hoton ba ta fi ƙiftawar ido ba, gaisuwar kuwa sai ka nemi wurin zama.

Ni a lokacin ina koyarwa a makarantar elementare ta Ikara, ina kuma aika labarai ga wata jaridar Hausa da ake bugawa a Zariya. Ina da wando mai kari da alƙalami biyu a aljihun gaba, ina jin duk lardin babu wanda ya kai ni sanin duniya. Kawu ya laƙaba mini suna Jarida. In na doso rumfarsa sai ya ce, "Ga Jarida nan, kowa ya kama bakinsa." Ina dariya, amma abin yana mini daɗi. A ofishin Zariya an gaya mini labarin da ke da hoto shi ke hawa shafin farko, don haka na manne wa Kawu. Ya ba ni hoton sabuwar rijiya, da na gasar noman gyaɗa, da na 'yan makaranta riƙe da tuta. Duk aka buga su can ciki, kusa da tallar maganin ciwon kai.

Shekara biyu ko uku bayan 'yanci, da kaka, rikici ya tashi a wani ƙauye kusa da Paki. Shanun wata ruga suka faɗa gonar dawa tun ba a gama yanka ba. Magana ta kai ga sanduna. Ranar muna kasuwar Paki ni da Kawu, sai ga mutane a guje ɗauke da mai gonar a kan ƙyauren ɗaki, kansa a fashe, jini ya rine rigarsa har ciki. Suka sauke shi daf da labulen Kawu suna neman motar da za ta kai shi asibiti. Ba tausayi na ji ba, kada in yi ƙarya. Shafin farko na hango.

Na ce, "Kawu, juyo da akwatin! Maza!"

Ya fizge baƙin ƙyallen da yake rufe kansa da shi in zai ɗauki hoto, ya sa haƙori ya yaga shi biyu, ya durƙusa ya ɗaure wa mutumin kai. Ya riƙe wurin da tafin hannunsa har mota ta zo. Da suka tafi na tsaya a kansa ina huci.

"Kawu, ka bar labari ya wuce!"

Yana wanke hannu a buta ya ce, "In ɗauki jinin nan in kai wa wa? 'Yan'uwansa sun gani, ya ishe su. So kake waɗanda ba su gani ba su ma su ɗauki sanda?"

"Ai gaskiya ce. Abin ya faru."

"Ya faru. A rugar ma an ce akwai saurayin da aka karya wa hannu. Shi wa zai ɗauke shi? In ka nuna rauni ɗaya ka ɓoye ɗaya, ka shiga faɗan ke nan, Jarida, kuma ba a gayyace ka ba."

Na tafi gida da fushi. Kwana uku ban taka rumfarsa ba.

Bayan mako guda dagaci da liman suka shirya zaman sulhu a gindin wata tsamiya, tsakanin ƙauyen da rugar. Ardo, shugaban Fulanin wurin, ya zo da dattawansa. Manoma suka wakilta ƙanin wanda aka fasa wa kai ya yi magana da yawunsu. Kawu ya tafi tun da safe da akwatinsa, da zanen Iya mai baƙin rini a madadin ƙyallen da ya yaga. Ni ina da aji, sai bayan azahar na iso, na tarar an shafa fatiha ana watsewa. An daidaita: shanu za su bi burtali, hanyarsu ta asali, har a gama kwashe amfani, bayan nan a sake su cikin karan dawa su ci su bar taki, kamar yadda aka saba tun da.

Kawu ya wanke hoton nan take, ya miƙo mini yana ɗan murmushi. Ya ce, "Ga wanda nake so ka kai. Zauna in gaya maka waye wannan, waye wancan."

Na ce, "Kawu, motar Zariya za ta tashi."

"Hoto ba ya magana, Jarida. Kai za ka yi masa baki. Ka san abin da za ka sa ya faɗa?"

Na ce na sani, na hau keke.

Bari in faɗi abin da ke cikin hoton. Ardo yana zaune kan buzu, dogon tsoho, ya kau da kai yana duban ƙasa ta wajen dama. Kamar taku uku daga gare shi wakilin manoma ya tsuguna, ya karkace jiki, fuskarsa na duban gindin tsamiya. A tsakaninsu, a ƙasa, ƙwaryar nono ce da Fulani suka kawo da damin dawa da manoma suka kawo. Can ƙasan hoton kuma takalma ne a jere, an tuɓe su nesa da shimfiɗar dattawa.

A ofishin jarida mai tsara shafi ya juya hoton sama da ƙasa. Ya ce ya yi tsawo, ba zai shiga gurbin ba, ya kuma ce, "Ina labarin a nan? An sha nono an tashi?" Mutane biyu da ke wurin suka yi dariya. Dariyar ce ta ci ni. Ba shi ya ɗauki almakashi ba, ni na ɗauka. Na yanke daga ƙasa: takalman suka tafi, ƙwaryar ta tafi, damin ya tafi, gwiwoyin da ke nuna tsugunno suka tafi. Abin da ya rage mutum biyu ne, kowa ya kau da fuska daga ɗan'uwansa. Na rubuta a ƙarƙashi cewa an yi zaman sulhu kusa da Paki, amma manomi ya ƙi ko kallon Ardo. Mai tsara shafi ya ce, "Yanzu ka zo da labari."

Shekaru na yi ina gaya wa kaina cewa ban sani ba. Gaskiya ne ban san abin da ke tsakanin mutanen ba. Amma na ga takalman. Ni ɗan gidan malamai ne ta wajen uwa, na san mutum ba ya tuɓe takalmi ya tsuguna gaban wanda ya raina. Na gani, na yanke, na jefa guntun a kwandon shara.

Hoton ya hau shafin farko. A gefensa aka rubuta cewa mai hoton Ikara ne ya ɗauka. Ni kuwa babu sunana, "wakilinmu" kawai aka sa. Na kai wa Kawu jaridar da kaina, ina jiran yabo. Ya daɗe yana dubawa. Ya ɗora yatsa a ƙasan hoton, inda almakashi ya bi.

"Ina ƙafafun?"

"Babu wuri, Kawu."

"Babu wuri," in ji shi. Ya ninke jaridar a hankali ya miƙo mini. "Ka san tana da ciki?"

"Wa?"

A nan ya gaya mini abin da na ƙi zama in ji. Wakilin manoman surukin Ardo ne. Bara waccan ya auri 'yarsa ta fari, auren da aka daɗe ba a ga irinsa ba tsakanin ƙauyen da rugar, kuma saboda auren ne manoma suka zaɓe shi. Kunyar surukuta ce ta sa ya karkace jiki. Ba ya iya ɗaga ido ya dubi uban matarsa, ba ya iya yi masa magana kai tsaye. Duk abin da ya faɗa ranar, dagaci ya fuskanta, dagaci ya isar. Shi ma Ardo kunyar mijin 'yar fari yake ji, shi ya sa ya dubi ƙasa. Kawu ya ce bai taɓa ɗaukar hoton da ladabi ya cika shi kamar wannan ba.

Ranar kasuwar Makarfi wani ya karanta jaridar da ƙarfi a kara, inda ake cinikin shanu. Samarin wasu rugage suka riƙa yi wa 'ya'yan Ardo dariya, wai ubansu ya ba da 'yarsa ga wanda ya juya masa ƙeya, ga shi duk Arewa ta gani. A ƙauyen kuma samarin manoma suka ɗauki abin a matsayin nasara, suka manna shafin a jikin tsamiyar da aka yi sulhun. Surukin ya yage shi, suka sake manna wani. Ya je rugar ya tsuguna daga nesa yana ba da haƙuri, Ardo ya aiko masa cewa ya sani, ai yana wurin. Amma sanin dattawa bai hana samari ba. Aka wayi gari an sare wa wata saniya agara a bakin burtali. Ardo ya ga sanduna na shirin fitowa karo na biyu, kuma wannan karon ba za a tsaya a fashin kai ba. Ya tara mutanensa, suka kwance turaku, suka kora shanu suka yi kudu.

Ita kuwa 'yar tasa watan haihuwarta ya kama. Haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta. Ta ɗaura kayanta, uwar mijinta ta rako ta, suka taka har rugar. Suka tarar da kufai, toka da kashin shanu da ramukan turaku. An ce ta zauna a inda bukkar mahaifiyarta take har rana ta yi sanyi, sai da aka ɗaga ta. A gidan miji ta haihu. Ba ta sake ganin mahaifinta ba, bayan wasu shekaru labarin rasuwarsa ya iso ta bakin masu tallar nono.

Na aika gyara Zariya. Bayan makonni aka buga layi uku can ciki, ba hoto, ban kuma ce ni na yanke ba. Kawu ya wanke cikakken hoton ya maƙala a jikin labulensa, ya bi kasuwa-kasuwa da shi. Duk wanda ya tsaya sai ya nuna masa takalman ya yi masa bayani. Wasu su gyaɗa kai, wasu su ce to me ya sa ka ba jarida wancan. Sai ya koma kan akwatinsa. Fulani, waɗanda da su ne suka fi kowa son tsayawa gaban akwatinsa da adonsu, suka daina zuwa. Aka riƙa ce masa mai hoton Paki. Kalma ɗaya ta ishe shi ya wanke kansa, bai faɗe ta ba, ni ma ban faɗa ba. Bai sake ba ni hoto ba, ni ma ban sake tambaya ba.

Na bar koyarwa, na koma Kaduna, na yi suna a aikin jarida. Na koyar da na baya da yawa, ina ce musu kada su taɓa hoton rikici da almakashi sai sun san kowa da ke ciki, su nemi hoton da ke nuna ɓangare biyu, su tuna gobe mutanen za su haɗu a rijiya ɗaya. Suna rubutawa suna cewa ina da hikima. Maganar Kawu ce nake sayarwa da bakina, ban taɓa gaya musu inda na samo ta ba.

Duk Salla ina zuwa Ikara gaishe shi. Yana tarbata da fara'a, ya sa a kawo fura, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Sai na miƙe zan tafi, ina neman takalmina, zai ce, "Jarida, ka biya ta Paki?" In ce hanya ba ta bi da ni ba, Kawu. Ya ce, "To, Allah Ya kai mu baɗi." Shekara talatin da wani abu muna wannan. A Sallar da ta wuce muryarsa ta yi rauni har sai da na sunkuya na ji shi, amma tambayar ce dai. Na ba shi amsar da na saba.

Ranar addu'ar uku, bayan an watse, aka ce wata mata na sallama da malamin makarantar da ya koma Kaduna. Na same ta a zaure, doguwa, fara, furfura ta leƙo ƙarƙashin mayafinta. Wani magidanci na tsaye bayanta, ta ce ɗanta ne na fari. Ban taɓa ganinta ba, amma na gane ta, domin tsawon wuyanta irin na tsohon da ke kan buzu ne. Na tsuguna muka gaisa, ta yi mini gaisuwar rashi, na yi mata ban gajiya. Sai ta kwance bakin zanenta ta fito da wani abu naɗe a leda.

Hoton ne, cikakke.

Ta ce, "Tun ina jego ya kawo mini. In ya koɗe sai ya karɓa ya sake ɗaukarsa ya kawo sabo. Wannan ne na huɗu. Shi ke nan abin da nake da shi na Baffa." Haka take kiran mahaifinta. Ta shafa gefen hoton da babban yatsa. "Yanzu ban san wa zai sabunta mini ba."

Na ce zan kai Kaduna a yi mata. Daga nan na dubi ƙasa na ce, "Goggo, akwai maganar da ban faɗa ba. Hoton da aka buga a jarida, ba Kawu ne ya yanke shi ba. Ni ne. Ni na rubuta abin da ke ƙarƙashinsa."

Ba ta motsa ba. Ta ce, "Na sani, Malam."

"Shi ya gaya miki?"

"Bai gaya mini ba. Mutumin da ya sa na ja baya sau uku ranar da ya ɗauke ni da ɗan nan yana jariri, don ƙafata ta shiga? Na ce masa ba aikinka ba ne, na waye? Ya ce ɗansa ne, in yi haƙuri, zai zo da kansa." Ta gyara mayafinta. "Duk bayan Salla sai ya hau keke ya zo, da ƙarfi ya ƙare ya riƙa hawa mota. Ya ce mini bana ma bai samu dama ba, amma yana nan tafe."

Hawaye na zuba a kan rigata, ɗanta ya kau da kai.

Ta ce, "Ni na daɗe da yafewa. Ban iya riƙe abu mai nauyi haka in yi noma da shi ba. Amma shi ya fi ni jira, Malam. Da ka zo ko da makon jiya ne."

Ta miƙo mini hoton, ta sa yatsa a can ƙasa, inda takalma suke a jere. Ta nuna na mijinta, Allah Ya jiƙansa, ta nuna na dagaci. Sai ta matsa zuwa na ƙarshe a gefe, wasu fatattakun takalman fata, ɗaya an ɗinke masa maɗauri da zare fari.

"Waɗannan na kawunka ne. Shi ma tuɓewa ya yi kafin ya kafa akwatin."

Na san ɗinkin. Iya ce ta yi shi, a gabana. Kwana uku muna birkice gida muna neman hoton Kawu, ashe guda ɗaya ne a duniya, kuma yana cikin guntun da na jefa a kwandon shara.

Na roƙe ta ta bar mini shi mako guda. An sabunta shi, na kai mata nata har ƙauyensu, hanyar da ba ta fi tafiyar rabin awa daga ƙofar Kawu ba. Jikan da ke neman hoton sanarwa na ba shi ɗaya, na ce a buga shi dukansa ko a bari. A ƙarƙashi na rubuta abin da ya kamata in rubuta tun farko: suruki ya tsuguna gaban surukinsa ranar sulhu kusa da Paki, an kawo nono an kawo dawa, kowa ya tuɓe takalminsa. Na ƙara da cewa wanda ya ɗauka bai yanke komai ba, ɗan 'yar'uwarsa ne ya yanke.

Wanda ya ce Allah Ya yafe wa Kawu hoton Paki, da waɗanda suka ce amin, ina roƙonku ku mayar da addu'ar kaina, ni ke bukatarta. Shi kuwa ku roƙa masa abin da ya dace da shi. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya yalwata masa shi, Ya karɓe shi dukansa yadda ya riƙa karɓar bayinSa, Ya haɗa shi da Ardo a inuwar da ba a tashi. Kawu, na biya ta Paki.